Daga Dawa Zuwa Gona: Sharhi Kan Labarin Asalin Noma Da Ake Koya Wa 'Ya'yanmu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun boko a ƙasar nan, ko ya duba littattafan tarihi da na zamantakewa da ake koyar da yara da su, ya san labarin yadda ɗan'adam ya fara noma. Ana cewa da farko mutum yawo yake yi a daji, yana farautar namun dawa yana tsintar 'ya'yan itatuwa, ba gida ba rumbu, yau nan gobe can. Sai wata rana ya lura cewa ƙwayar da ta faɗi ƙasa tana tsirowa, sai ya fara shuka. Da ya shuka sai ya zauna wuri ɗaya don jiran amfani. Da ya zauna sai ya gina tukunya, ya kama dabbobi ya kiwata, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, sarauta ta kafu. Ana tsara labarin kamar tsani: mafarauci a matakin ƙasa, makiyayi a bisansa kaɗan, manomi a sama, ɗan birni a ƙololuwa. Daga nan sai a ƙara da cewa a Gabas ta Tsakiya aka fara wannan al'amari, daga can ya bazu zuwa sauran duniya, har ya iso mana.

Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan labari da abin da masana tonon kufai suka gano a Sahara da yankin Tafkin Chadi daga shekarun 1960 zuwa yau. A tawa fahimtar, tsanin nan bai dace da tarihin yankinmu ba. A nan tukunya da saniya sun riga gona da dubban shekaru, zama wuri ɗaya bai jira shuka ba, kuma shuka ba ta kashe farauta da su da tsintar abincin daji ba. Duk inda mai karatu ya ga K.M. a gaban shekara, ana nufin kafin Miladiyya, wato kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

2.0 Inda Labarin Ya Samo Asali

Tsanin ya girmi ilimin tonon kufai. Tun a ƙarni na 18 wasu masana na ƙasar Sikotilan, cikinsu har da Adam Smith, suka kasa tarihin ɗan'adam zango huɗu: zamanin mafarauta, zamanin makiyaya, zamanin manoma, da zamanin 'yan kasuwa. Ba ƙasa suka tona suka ga haka ba. Labaran matafiya suka karanta game da al'ummun Amurka da Asiya da Afirka, suka jera su daga ƙasa zuwa sama, suka ajiye kansu a matakin ƙarshe.

Wanda ya sa wa labarin rigar ilimi shi ne Gordon Childe, ɗan asalin Ostireliya wanda ya koyar a Jami'ar Edinbura. A littafinsa Man Makes Himself na 1936 ya kira farkon noma juyin juya hali, ya kwatanta girmansa da juyin masana'antu na Turai. A ganinsa abubuwan a dunƙule suka zo: shuka, kiwo, zaman ƙauye, ginin tukwane, saƙa, da gogaggen gatarin dutse. Dole a yi wa Childe adalci. Shi ne ya janye hankalin masana daga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe ya mayar da shi kan tambayar abin da mutane ke ci da yadda suke samunsa, kuma wannan babban aiki ne. Sai dai ya yi rubutunsa kafin a ƙirƙiro awon shekaru ta hanyar sinadarin kabon, wanda Willard Libby ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, kuma kusan dukkan hujjojinsa daga Turai da Gabas ta Tsakiya suke. Laifin yana kan waɗanda suka zo bayansa suka ci gaba da kwafar zancen 1936 kamar ba a sake tona ko rami ɗaya ba.

A ɓangaren Afirka kuwa an ɗora wa tsanin wani kaya. Charles Seligman, a littafinsa na 1930 kan jinsunan Afirka, ya yi iƙirarin cewa duk wani ci gaba da aka samu a nahiyar baƙi ne masu hasken fata suka shigo da shi daga arewa maso gabas. Masana sun daɗe da yin watsi da wannan ra'ayi, amma burbushinsa na nan a cikin yadda muke son jingina duk wani abin kirki namu ga wani baƙo da ya zo daga nesa.

3.0 Gabas Ta Tsakiya Ma Ba Haka Ta Kasance Ba

Kafin mu iso gida, ya kamata mai karatu ya san cewa ko a inda Childe ya gina ra'ayinsa, ƙasa ta faɗi wani abu dabam. A yankin Falasɗinu da Sham an gano mutanen da masana ke kira Natufawa, waɗanda suka rayu tsakanin shekaru 15,000 zuwa 11,500 da suka wuce. A wurare irin su Ain Mallaha sun gina ɗakuna masu harsashin dutse, sun binne matattunsu a cikin gari, suna da turmi da dutsen niƙa, alhali alkama da sha'ir ɗin da suke ci na daji ne, naman da suke ci na barewa ne. Zama ya riga noma ke nan. A Gobekli Tepe ta ƙasar Turkiyya, inda Klaus Schmidt ya fara tono a 1995, an tarar da manyan ginshiƙan dutse masu sassaƙen dabbobi da aka kafa wajen 9500 K.M., kuma ƙasusuwan da ke wurin na namun daji ne. Tukunya kuwa ba ta yaɗu a yankin ba sai wajen 7000 K.M., bayan an daɗe ana noma.

Kalmar juyin juya hali ma tana da matsala. Masu nazarin ƙwayoyin hatsi sun nuna cewa alkama da sha'ir sun ɗauki shekaru dubu biyu ko fiye kafin su rikiɗe daga na daji su zama na gida sosai. Abin da ya ɗauki tsawon rayuwar zuriya tamanin ko ɗari, babu wanda ya kwana ya tashi ya ga ya faru.

4.0 Tukunya Da Saniya Sun Riga Gona

Tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara ba hamada ba ce. Ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna da koguna. Tafkin Chadi na wancan lokaci ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kuma tudun rairayin nan da ya bi ta Maiduguri zuwa Bama tsohon bakin gaɓarsa ne.

Mutanen wannan zamani mafarauta ne da masunta, amma ba irin waɗanda littattafanmu ke zanawa ba. A Ounjougou, cikin ƙasar Dogon ta Mali, ayarin Eric Huysecom na Jami'ar Janiba ya tono fasassun tukwane da shekarunsu suka kai 9400 K.M. Suna cikin tukwane mafi tsufa a Afirka, kuma sun girmi na Gabas ta Tsakiya da shekaru fiye da dubu biyu. Masu su ba manoma ba ne. Ƙwayar ciyayin daji suke tarawa, kuma ƙaramar ƙwaya irin wannan ba ta ciwuwa sai an niƙa an dafa. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, wadda ayarin Paul Sereno ya ci karo da ita a 2000, an samu kaburbura wajen 200 a bakin wani tsohon tafki. Rukunin farko na mutanen wurin, tsakanin 7700 zuwa 6200 K.M., suna sukar giwan ruwa da zagon ƙashi, suna farautar dorina da kada, suna da tukwanensu. Al'ummar da ke binne matattunta a wuri ɗaya na ɗaruruwan shekaru ba za a kira ta mara mazauni ba.

A gida Nijeriya muna da shaida mafi kusa. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a zurfin wajen mita 5. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Firankfot da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci fito da shi. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, an fafe shi daga gungumen itace guda, kuma awo ya nuna ya kai shekaru 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. Wanda ya dubi yadda aka fiƙe goshinsa da ƙeyarsa ya san cewa masassaƙin ba ranar ya fara ba. Gadon sana'a ne. A lokacin da aka sassaƙa shi, sauran shekaru fiye da dubu uku kafin a ga geron gida a ko'ina a duniya.

Bayan tukunya sai dabba. Tumaki da awaki daga Asiya suka shigo Afirka, domin babu kakanninsu na daji a nahiyar, kuma binciken jini ya nuna cewa tushen shanun ma ya fi karkata can. Wannan gaskiya ce da bai kamata kishin ƙasa ya sa mu ɓoye ba. Abin lura shi ne mutanen Sahara sun karɓi dabbobin ba tare da sun koma noman alkama ba. A Takarkori ta kudancin Libiya, binciken da aka buga a 2012 ya gano maiƙon madara a jikin tukwanen da suka kai shekaru 7,000. Mutanen na tatsar nono, suna ci gaba da tara hatsin daji. Fiona Marshall da Elisabeth Hildebrand sun taƙaita al'amarin a wata maƙala ta 2002 da cewa a Afirka shanu sun riga amfanin gona. Dalilin da suka bayar manomin Sahel zai gane shi nan take: inda ruwan sama ba shi da tabbas, dukiyar da ke da ƙafafu ta fi wadda ke kafe a ƙasa aminci, domin saniya tana bin ruwa inda ya sauka, gona kuwa sai ta jira shi.

5.0 Yadda Gero Ya Zama Na Gida

Manomanmu sun san shibra, wato geron nan da ke fitowa a cikin gona wanda ƙwayarsa ke kakkaɓewa da kanta kafin a zo girbi. Wannan hali shi ne halin geron daji, domin tsiron da ba ya zubar da irinsa ba zai sake fitowa ba. A cikin dubban zangarniyoyi akan sami wadda ƙwayarta ke maƙale. Idan mutum yana yankan zangarniya, yana ajiye wani kaso ya shuka baɗi, to ba tare da ya yi niyya ba yana fifita mai maƙalewa a kan mai zubewa. A hankali sai a sami geron da ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum, mutum kuma ba ya iya rayuwa sai da shi. Abin da ake nufi da mayar da tsiro na gida ke nan.

Masu tono suna gane wannan ta hanya mai ban sha'awa. Maginan tukwane na da suna cakuɗa ƙaiƙayi a cikin yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Ƙaiƙayin ya ƙone, amma sawunsa ya zauna a jikin tsingaro, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma ana bambanta na gida da na daji. Ta haka aka gano geron gida a kwarin Tilemsi na arewa maso gabashin Mali, wajen 2500 K.M., kamar yadda Katie Manning da abokan aikinta suka bayyana a 2011. Binciken ƙwayoyin halittar gero da aka buga a 2018 shi ma ya nuna yammacin Sahara, tsakanin Mali da Muritaniya, a matsayin tushensa. Waɗanda suka yi wannan aiki makiyaya ne da bushewar Sahara ke turowa kudu. Daga nan gero ya bazu: ana ganinsa a garuruwan dutse na Dhar Tichitt a Muritaniya, da Birimi a arewacin Ghana wajen 1700 K.M., har ya tsallaka teku ya isa Indiya.

Sauran amfanin gonarmu kowanne da inda aka horar da shi. Dawa a gabashin Sudan, kusa da Kassala, wajen 3000 K.M. Wake mafi tsufa da aka samu yana tsakiyar Ghana, a kufan mutanen Kintampo, tsakanin 1800 zuwa 1600 K.M. Jar shinkafar Afirka a yankin kogin Kwara na Mali. Acca da doya su ma na Afirka ta Yamma ne. Ke nan tuwon da ke gabanmu ba a dunƙule ya zo daga wuri ɗaya ba, kuma babu baƙon da ya kawo mana shi daga Bagadaza. Haɗin gambizar ƙoƙarin al'ummu da dama ne na wannan nahiya, cikin dubban shekaru.

6.0 Shaidar Borno

Wurin da ya fi kowane bayyana al'amarin daki-daki a ƙasar nan shi ne Borno. Graham Connah ya tona tudun Daima, kusa da Ngala, a 1965 da 1966, inda ya ratsa tarin kufai mai zurfin fiye da mita 10. Daga farkon shekarun 1990 kuma masanan Jami'ar Firankfot da na Jami'ar Maiduguri suka yi aiki a kewayen Gajiganna, arewa da Maiduguri.

Ga abin da suka gano a taƙaice. Wajen 1800 K.M., da tafkin ya ja baya ya bar sabuwar ƙasa, wasu mutane suka shigo da shanu da tumaki da awaki. Suna kamun kifi, suna farauta, suna gina tukwane masu ado, suna ƙera 'yan shanun yumɓu. Yankin ba shi da dutse, don haka duwatsun niƙa da na gatari daga nesa ake kawo su, har daga tsaunukan Mandara. Sawun da ke jikin tukwanen wannan zango na farko na ciyayin daji ne da shinkafar daji. Babu geron gida. Sai bayan ƙarnuka, tsakanin 1500 zuwa 1200 K.M., sawun gero ya fara bayyana, ƙauyuka suka daɗe a wuri ɗaya har suka tara tuddai. To amma labarin bai miƙe ba. Wajen 1000 K.M. manyan ƙauyukan suka watse, aka koma ƙananan zangon da ba su bar shara mai kauri ba, alamar an sake komawa yawo. Daga baya, tsakanin 600 zuwa 400 K.M., sai ga Zilum, gari mai faɗin hekta 12 da ganuwar rami kewaye da shi, da manyan randunan ajiye hatsi. A Kursakata ta ƙasar firgi kuwa, binciken ƙonannun ƙwayoyi ya nuna ana cin gero tare da shinkafar daji da ƙwayar ciyawa na tsawon ƙarnuka. Dawa, wadda a yau ake ganin ita ce uwar hatsin firgi, ba ta bayyana a kufan yankin ba sai cikin Miladiyya.

Ina tsani a nan? Makiyayi ya zama manomi bai bar kiwo ba, mazaunin ƙauye ya koma yawo da ƙasa ta ƙi, jikokinsa suka dawo suka gina gari. Kudu da mu, a yankin Nok na Jihar Kaduna, aikin da aka fara a 2005 ya nuna mutanen na noman gero da wake tun wajen 1500 K.M., suna cin atili, kuma binciken da aka buga a 2021 ya gano sawun kakin zuma a tukwanensu. Masu mutum-mutumin da duniya ke yabo manoma ne masu shiga daji ɗibar zuma.

Wajibi ne in ja kunnen mai karatu a nan. Ban ce mutanen Gajiganna Barebari ne ko Fulani ko Hausawa ba. Tsingaro ba ya faɗin harshen mai shi, kuma duk wanda ya ɗauki waɗannan kufai ya mai da su takardar mallakar ƙasa ga wata ƙabila ta yau, ya zalunci tarihi.

7.0 Labaranmu Na Gargajiya Da Tsanin

Ba Turawa kaɗai ke da tsani ba. Mu ma muna da namu. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya siffanta Barbushe na Dala a matsayin ƙaƙƙarfan mafarauci mai kashe giwa da sanda, sannan ya kawo Bagauda daga waje a matsayin mafarin sarauta. Waƙar Bagauda ita ma ta nuna Kano a matsayin ƙungurmin daji har sai da aka zo aka sare shi aka yi gona. Waɗannan ayyuka taskoki ne, amma labarin kafuwar gidan sarauta suke bayarwa, kuma kowane gidan sarauta yana son a ce kafinsa babu komai sai daji. Awon da aka yi wa wani tsohon murhun narkar da tama a Dala ya nuna wajen ƙarni na 7 Miladiyya, fiye da shekaru 300 kafin 999 da Palmer ya lissafa wa Bagauda. Masu narkar da tama suna buƙatar masu ciyar da su, kuma fartanya tana cikin abin da ake ƙerawa da ƙarfen. Zanen shanu marasa tozo da ke jikin duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa, da gatarin aradu da manoma ke tsinta a gonaki, wanda a haƙiƙa gogaggen gatarin dutse ne na mutanen da, duk suna nuna cewa ƙasar Hausa ta daɗe da mutane masu sana'a.

Abdullahi Smith ya yi wannan gargaɗi a maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya nemi a bi asalin birni ta hanyar bunƙasar ƙauye da gari maimakon zuwan wani jarumi. Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a aikinsa kan Katsina. Abin da ya rage shi ne a kai wannan fahimta baya, zuwa zamanin da babu rubutu. Har kirarin da muke yi wa noma na cewa shi ne tsohon ciniki, in aka bi ta shekaru, farauta da su da ginin tukwane da kiwo duk yayyensa ne. Sarautunmu na gargajiya sun fi littattafan makaranta riƙe gaskiyar: a gari ɗaya akwai Sarkin Noma, akwai Sarkin Dawa, akwai Sarkin Ruwa, akwai Arɗo a gefen gari, kowa da ranarsa.

8.0 Masu Cewa Noma Kuskure Ne

Akwai wani ra'ayi da ya yi tashe wanda ya kifar da tsanin kansa ƙasa. A 1987 Jared Diamond ya rubuta maƙala yana cewa rungumar noma shi ne kuskure mafi muni a tarihin ɗan'adam, kuma Yuval Harari ya maimaita irin wannan a littafinsa Sapiens, wanda ya fito da Ingilishi a 2014. Suna da hujja. Ƙasusuwan manoman farko a wurare da dama sun nuna raguwar tsawo, ruɓewar haƙora, da alamun ƙarancin jini. Cunkoson mutane da dabbobi ya haifar da cututtuka, rumbu kuma ya jawo mai karɓar haraji da ɗan hari.

Duk da haka ina ganin an gudu ne ba a tsira ba. Wanda ya ce noma ci gaba ne tsantsa da wanda ya ce tarko ne tsantsa, dukansu sun yarda cewa ƙofa ɗaya ce aka shiga aka rufe. Shaidar Gajiganna da Kursakata ta nuna ƙofar a buɗe ta zauna na fiye da shekaru dubu, ana shiga ana fita. Kuma yawancin ƙasusuwan da suke kafa hujja da su na masu alkama ne a Turai da Gabas ta Tsakiya da masu masara a Amurka, waɗanda suka dogara da hatsi ɗaya. Mutumin da ke da gero a rumbu, nono a ƙwarya, kifi a tafki da ganye a daji, lissafinsa dabam ne. Sannan yana da sauƙi mai ƙoshi ya yi begen rayuwar mafarauci daga cikin ɗakin karatu.

9.0 Illar Tsanin A Yau

Wani zai ce mene ne na damuwa da abin da ya wuce shekaru dubu huɗu? Ina ganin illa uku.

Ta farko ta shafi makiyaya. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na sha zama a tarurruka inda ake maganar makiyayi kamar wanda aka bari a baya, wanda maganinsa kawai shi ne a zaunar da shi. Wannan tunani ɗan tsanin ne. Tarihi ya nuna kiwon yawo dabara ce ta zama da ƙasar da ruwanta ba shi da alkawari, kuma daga hannun makiyaya gero ya fito. Wannan bai wanke ɓarnar gona ko zubar da jini daga kowane ɓangare ba, kuma yawan jama'a na yau ba na da ba ne. Amma jami'in da ya ɗauki burtali da mashaya a matsayin ragowar jahilci ba zai damu ba in an nome su, ko da dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 tana cikin durowarsa.

Ta biyu ta shafi abincin daji. Kuka, kalwa, man kaɗanya, tsamiya, aduwa, magarya, goruba, ɗinya, tafasa, yaɗiya: duk tsinto su ake yi, kuma mata ne ke riƙe da iliminsu. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san gidajen da ƙarangiya da sabe da bado suka raya, kamar yadda anza ta raya mutane a Nijar a 2005. Muna kiransu abincin yunwa muna jin kunyarsu, muna sare itatuwan muna gawayi, alhali su ne ƙafa ta biyu da noman Sahel ya tsaya a kai tun farkonsa.

Ta uku ta shafi kufan kansu. Wanda aka koya wa cewa tarihi ya fara da zuwan sarki ba zai ga darajar tudun tsingaro ba. Ana kwashe irin waɗannan tuddai a yi bulo ko cikon hanya, masu haƙar sata sun yi wa yankin Nok kaca-kaca, rikicin da ya ɓarke a Borno a 2009 kuma ya katse aikin tono a can. Abin da aka tona a Kano da Katsina da Zamfara don neman ƙwayar hatsi da ƙashin dabba kaɗan ne in aka kwatanta da Borno.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa labarin tsani, daga mafarauci zuwa ɗan birni, ra'ayi ne na ƙarni na 18 da aka sabunta a 1936, kuma binciken da ya biyo baya ya rushe shi, musamman a yankinmu. Jerin da ƙasarmu ta bayar shi ne tukunya da kwalekwale, sannan dabba, sannan gero, sannan dawa, tare da daji da ruwa suna ciyar da mutane a kowane zango.

Shawarata ga hukumomin tarihi da al'adu na jihohinmu guda uku ce. Tun da an dawo da darasin tarihi a makarantu, a rubuta babin farkon noma da Hausa, a sa Dufuna da Gajiganna da Nok da Birnin Kudu a cikinsa tare da shekarunsu. A haɗa kai da dagatai da masu unguwanni a yi rajistar kowane kufai da tudun tsingaro a kowace gunduma, a sanar da sassan nazarin kufai na jami'o'inmu kafin motar tifa ta riga su. Sannan a zauna da tsofaffin mata da mafarauta da makiyaya a rubuta sunayen ciyayi da itatuwan da ake ci, da lokacinsu, da yadda ake sarrafa su. Wannan aiki na ƙarshe ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, littafi da alƙalami da ladabi sun isa, amma masu ilimin kullum raguwa suke yi.